Bayan an sallami tsoho daga asibiti, wa ke bibiyar sa?

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan halin da tsofaffinmu ke shiga bayan an sallame su daga asibiti. Mahaifina, mai shekara 78, ya yi mako biyu a kwance sakamakon shanyewar ɓarin jiki. Ranar sallama aka miƙo mana leda cike da magunguna, aka ce mu dawo ganin likita bayan wata guda. Babu wanda ya nuna mana yadda ake juya majinyaci don kada gyambon kwanciya ya fito masa, ko yadda ake zaunar da shi kafin a ba shi kunu don kada ya ƙware. Ba a kuma gaya mana cewa sabon maganin hawan jinin ya maye gurbin tsohon ba, sai muka riƙa haɗa masa duka biyun. Kwana 12 kacal muka koma da shi ranga-ranga, ga jiri ga ciwon huhu.

Ko a Amurka an sha fama da wannan. Wani bincike da aka buga a 2009 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu inshorar lafiya ta gwamnati mai suna Medicare, waɗanda galibinsu tsofaffi ne, ana sake kwantar da su cikin kwana 30 da sallama. Daga Oktoban 2012 gwamnatinsu ta fara zaftare wa asibitocin da majinyatansu ke yawan dawowa kuɗin da take biyan su, zaftarewar da daga baya ta kai har kashi 3 cikin 100. Ban ce mu kwaikwayi tarar ba, domin asibitocinmu da ƙyar suke riƙe kansu, amma aƙalla su Amurkawa suna ƙirga masu dawowa, mu kuwa dawainiyar duk a kan 'ya'ya mata da surukai take, waɗanda ba a koya musu komai ba.

Abin da nake nema daga ma'aikatun lafiya na jihohinmu ba mai tsada ba ne. A rubuta takardar sallama da Hausa, a nuna maganin da aka dakatar da wanda za a ci gaba da sha, nas ta koya wa mai jinya aikin a gaban gado kafin a tafi, sannan a tura sunan majinyacin zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwarsa domin ma'aikacin lafiya ya leƙa shi cikin makon farko.

Naka mai karatu,
daga Zariya