Kafin a tsine wa AI, wa ya karanta takardar?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili kan yadda ƙirƙirarriyar basira, wato AI irin su ChatGPT, ta shigo harkar buga takardun bincike a mujallun ilimi. Maganar ta cika ofisoshin lakcarori, kullum na'urar ake tsine wa, ni kuwa gani nake ana barin jaki ana dukan taiki.

A Fabrairun 2024 mujallar Frontiers in Cell and Developmental Biology ta buga takardar wasu masu bincike daga China da hoton ɓera da aka haɗa da Midjourney, wata manhajar AI mai zana hoto, ɓeran da al'aurarsa ta kusa fin jikinsa girma, a gafarce ni amma haka abin yake, rubutun jikin hoton kuma shirme ne zalla, kuma wai a haka ta wuce hannun edita da masu tantancewa, sai da jama'a suka yi ta tsiya a intanet sannan aka janye ta cikin 'yan kwanaki. Marubutan ma ba su ɓoye ba fa, sun faɗa cewa da Midjourney suka yi. A Maris kuma aka gano wata takarda kan batirin litiyam a mujallar Surfaces and Interfaces ta kamfanin Elsevier, jimlar farko ta gabatarwar amsar ChatGPT ce sak, inda yake cewa tabbas ga gabatarwar da za ta dace da maudu'inka. Jimlar farko fa! To wa ya karanta?

Ƙa'idar ba ta da wuya. Tun Janairun 2023 mujallar Nature ta ce ba a sa AI cikin sunayen marubuta, a Fabrairu ƙungiyar COPE mai kula da ɗa'ar ɗab'i ita ma ta faɗi haka, dalili shi ne na'ura ba ta iya ɗaukar alhakin abin da aka rubuta. Ka yi amfani da ita, ka faɗi inda ka yi, kuskure kuma naka ne.

Ni ban goyi bayan a haramta ba. Malamin da bincikensa ya yi kyau amma ana ta dawo masa da takarda saboda Turanci, in na'ura ta gyara masa nahawu meye laifi? Matsalar tana wajen manazarta, domin ChatGPT kan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara alhali babu su, mu kuma a jami'o'inmu ƙarin girma da yawan takardu ake samu, kowa sauri yake. Manhajojin da ake cewa suna kama rubutun AI su ma kar a saki jiki da su, wani bincike a Jami'ar Stanford a 2023 ya nuna sun ɗauki fiye da rabin rubutun masu jarrabawar TOEFL, wato gwajin Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, a matsayin na na'ura, wato mu da Turanci ba harshen uwa ba mu za a fara zalunta.

Masu tantancewa su ma ba a bar su a baya ba. A Yulin 2025 jaridar Nikkei ta Japan ta gano takardu 17 a rumbun arXiv, shafin intanet da masu bincike ke ajiye takardu kafin a tantance su, da aka ɓoye wa AI umarni a cikinsu, wasu da farin rubutu, cewa a yaba kawai, don marubutan sun san wani mai tantancewa na'ura zai miƙa wa aikin. Banda haka ma takardar da ba ta fito ba amana ce a hannun mai tantancewa, ba ta miƙa wa na'ura ba.

Roƙona ga editocin mujallun sassa da tsangayu a jami'o'inmu, su sa layi ɗaya a fom da marubuci zai faɗi wace manhaja ya taɓa kuma me ta yi masa, sannan kafin a kai maɗaba'a wani ya zauna ya nemo manazarta ɗaya bayan ɗaya, wadda ba a samu ba a mayar wa mai ita ya kawo kwafi.

Wassalam,
Wani malamin jami'a, Kano