Hattara wajen sauya wa kwamfutar cikin kwamfuta mazauni

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwana masu shaguna a Nima da Maamobi da sauran zangunan Accra, musamman waɗanda suka shiga sauya kwamfuta tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Ni nake riƙe wa kawuna lissafin shagonsa na atamfa, kuma manhajar da muke rubuta ciniki da bashi a cikinta tsohuwa ce, ba ta tashi sai a kan Windows 7. Shi ya sa muka daɗe muna ajiye da ita a cikin VirtualBox, manhajar kamfanin Oracle wadda take gina kwamfuta ta biyu marar jiki a cikin wadda ake taɓawa da hannu. Da muka sayo sabuwar na'ura a kasuwar Circle da ke Accra, sai na damƙa wa wani yaro mai gyara aikin kwashe kayan. Ya duba, ya ga fayil mafi girma, mai ƙarewa da .vdi, wanda shi ne ma'ajiyar bayanan kwamfutar cikin, ya kwafe shi shi kaɗai, ya karɓi kuɗinsa. Na kunna, Windows ta tashi lafiya lau, amma littafin bashi ya tsaya cak a inda yake wajen shekara biyu da suka wuce. Waɗanda suka biya tuntuni suka koma masu bashi, waɗanda ake bi kuwa ko sunansu babu.

Daga baya na gano musabbabin, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Akwai abin da masu harkar suke kira sinafshot, wato ajiye halin da kwamfutar take ciki a wani lokaci domin a iya komawa gare shi in abu ya lalace. Daga ranar da aka ɗauke shi, VirtualBox ba ta ƙara rubuta komai a kan babban fayil ɗin nan, sai dai ta buɗe wani sabo a cikin foldar Snapshots ta riƙa zuba duk wani canji a can. Ashe ni da kaina na taɓa ɗaukar ɗaya na manta, saboda haka ban ɗora wa yaron laifin duka ba, ko da yake wanda ya karɓi kuɗin aiki ya kamata ya tambaya kafin ya kwafa.

Hanyar da ta fisshe mu ba ta da wuya. A kashe kwamfutar cikin gaba ɗaya daga cikin Windows ɗinta, kada a bar ta a dakace, sannan a kwafe foldarta dungurungum daga cikin babbar folda mai suna VirtualBox VMs, a je sabuwar na'ura a nuna wa manhajar ƙaramin fayil mai ƙarewa da .vbox, wanda shi ne yake riƙe da saituna da jerin sinafshot. Wanda ya fi son fayil guda yana iya fitar da ita a matsayin OVA, amma ya sani cewa halin da take ciki a ranar kaɗai zai tafi da shi. Filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma mu da muka san dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ba sai an ce mana a cika batir kafin a fara ba.

Idan ta ƙi tashi a sabon mazauninta, a duba ko an kunna VT-x ko AMD-V, wato saitin da yake taimaka wa na'ura tafiyar da kwamfutar ciki, a cikin BIOS, saitunan da ake shiga tun Windows ba ta tashi ba, kafin a ce na'urar ce marar kyau. Mai niyyar sayen Mac kuma ya tuna cewa tun daga 2020 Apple ya fara komawa kan nasa furosesa na jerin M, wanda VirtualBox ba za ta tayar da Windows 7 ɗin da aka gina a kan Intel a kansa ba.

Abin da ya cece mu shi ne ba mu riga mun sayar da tsohuwar na'urar ba. Har yanzu tana nan ƙarƙashin kanta, kuma kawu ya ce ba za ta fita ba sai lissafin ƙarshen wata ya zo daidai a na'urorin biyu.

Naka mai karatu,
daga Nima, Accra