Sunan Smith ba sunan uba ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da ɗan gyara kan sharhin da kuka buga game da sunayen Turawa, inda marubucin ya ce suna na biyu da Bature ke ɗauka sunan mahaifinsa ne, kamar yadda muke cewa Musa Garba. Ba haka abin yake ba. Sunan zuri'a ne da ake gada kaka da kakanni, kuma da yawa daga cikinsu sana'a ce ta haife su. Tun da marubucin ya ba da misali da sunan Smith, bari mu tsaya a kansa.

A tsohon Turanci, Smith na nufin maƙeri, shi ke nan. Kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066, talaka suna ɗaya gare shi, sai laƙabin da maƙwabta suka liƙa masa. Da masu mulki suka shiga rubuta filaye da masu biyan haraji, dole aka bambanta wannan John da wancan, sai magatakarda ya rubuta John maƙeri. Ya zuwa wajen 1400 yawancin gidaje sun riƙe irin waɗannan laƙabobi, ɗa yana gada ko bai taɓa riƙe masaba ba. Dalilin yawan sunan kuwa a fili yake: babu ƙauyen da zai zauna ba maƙeri. Shi ke ƙera bakin garma da lauje da gatari, shi ke buga wa doki takalmin ƙarfe, in yaƙi ya taso shi ke fitar da takobi da mashi. Shi ya sa har yau babu sunan zuri'a da ya kai shi yawa a Ingila da Amurka. Ƙidayar Amurka ta 2010 ta samu masu shi sama da miliyan 2.4, ko da yake ba duka ne jikokin maƙera ba. Wasu Jamusawa ne masu suna Schmidt da suka sauya shi bayan sun yi ƙaura, wasu kuma baƙaƙen fata ne da sunan ya biyo su daga zamanin bauta. Haddad na Larabawa ma wannan sana'ar ce.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne, marubucin ya zagaya ya kawo Will Smith ɗan fim, ya bar waɗanda suka taka ƙasarmu. Sir Bryan Sharwood-Smith shi ne Gwamnan Jihar Arewa har zuwa 1957, dattawa kuwa sun fi saninsa da Mai Wandon Ƙarfe. Akwai Mary Smith, wadda ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, tana rubuta labarin rayuwarta daga bakinta: aure da kishi, ƙawance, bori, farmakin masu kamun bayi, zuwan Turawa. Littafin ya fito a 1954, kuma da wuya ka sami wani rubutu da ya adana muryar Bahaushiyar ƙauye ta wancan zamani kamarsa. Mijinta, M. G. Smith, wanda ya yi nazarin sarautar Zazzau, mutumin Jamaika ne, abin da ya isa ya nuna nisan da sunan ya yi daga ƙauyukan Ingila.

Amma a wurina babbansu shi ne Farfesa Abdullahi Smith. Da sunan H. F. C. Smith ya zo, ya koyar a Sudan, ya koyar a Ibadan, sannan ya dawo Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Ya musulunta, ya zauna cikinmu har rasuwarsa a 1984. A lokacin da ake koyar da tarihinmu daga rahotannin Razdan da Di'o, shi ya dage a koma ga rubuce-rubucen Larabci na Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, a tattaro su daga hannun malaman zaure. Ya kuma ƙi yarda a ɗauki labarin Bayajida a matsayin cikakken bayanin kafuwar ƙasashen Hausa, maganar da har gobe wasu ba su yafe masa ba. Gidan Arewa, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna a gidan marigayi Sardauna, Farfesan ne ya assasa shi a 1970. Dakta Yusufu Bala Usman ɗalibinsa ne.

Ba duk mai sunan ne abin yabo ba. Ian Smith, wanda ya ɓalle da Rodeshiya (Zimbabwe ta yanzu) daga Birtaniya a 1965 don tsirarun fararen fata su ci gaba da danne baƙaƙe, shi ma Smith ne.

Ina roƙo ku buga wannan gyara a shafin da kuka buga sharhin, ku kuma tura wakilinku na Kaduna Gidan Arewa ya kawo mana rahoto kan halin da takardun da Farfesa ya tara suke ciki.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Samaru, Zariya