Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabar Kwamitin Olamfik na Duniya, Kirsty Coventry, Kan Batun Peng Shuai

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina taya ki murnar kujerar da kika hau a watan Yunin 2025. Ranar da aka zaɓe ki na yi farin ciki ƙwarai, domin ke ce mace ta farko, kuma 'yar Afirka ta farko, da ta shugabanci wannan kwamiti tun kafuwarsa a 1894. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau maganar wata mace ce da kika taɓa cin abinci da ita a teburi ɗaya, wato Peng Shuai, 'yar wasan tanis ta ƙasar Sin.

Ki ba ni dama in fara da wasanta, don yanzu duk wanda ya ambaci sunanta, abin da ya same ta a 2021 kawai yake tunawa, kamar ba ta taɓa riƙe raket ba. An haife ta a 1986 a lardin Hunan, kawunta ne ya koya mata tanis tana da shekara 8. Tun ba ta gama girma ba aka yi mata aikin zuciya, ta warke ta koma fili. Da hannu biyu take bugun ƙwallo ta dama da ta hagu, salon da 'yan wasa kaɗan ne ke da shi. Ƙwallonta ba ta tashi sama sosai, a miƙe take zuwa da sauri, kafin abokiyar hamayya ta gyara tsayuwa ta riga ta wuce.

A wasan 'yan bibbiyu ne tauraruwarta ta fi haskawa. Abokiyar wasanta Hsieh Su-wei 'yar Taiwan ce, kwana huɗu ne kawai tsakanin haihuwarsu, kuma tun suna yara suke haɗuwa a gasa. Duk mai bin labaran duniya ya san tsamin da ke tsakanin Beijing da Taiwan, amma waɗannan biyu suka tsaya gefe ɗaya na raga, ɗaya tana tsare baya da ƙarfi, ɗaya tana yaudarar abokan hamayya da dabara a gaba. Sun ci kofin Wimbledon a 2013, suka ci gasar ƙarshen shekara a Istanbul, sannan suka ɗauki kofin Faransa a 2014. A watan Fabrairun 2014 Peng ta zama ta ɗaya a duniya a wasan 'yan bibbiyu, matsayin da babu wani ɗan ƙasar Sin, namiji ko mace, da ya taɓa hawa kafin ita. A shekarar kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe na 'yan ɗai-ɗai a gasar Amurka, inda zafi da ɗaurewar jijiya suka kayar da ita tana karawa da Caroline Wozniacki. Ban manta yadda ta yi ta ƙoƙarin ci gaba ba har sai da aka fitar da ita a keken marasa lafiya tana kuka. Sau uku ta wakilci ƙasarta a Olamfik, a 2008 da 2012 da 2016, kuma duk ukun kina nan. A Beijing ɗin da kika ci zinare a ninƙaya, ita ma tana filin tanis tana fafatawa.

Ranar 2 ga Nuwamban 2021 aka ga wani dogon rubutu a shafinta na Weibo, dandalin sada zumunta na ƙasar Sin, inda ta zargi tsohon mataimakin firaminista Zhang Gaoli da tilasta mata kwanciya da shi. Cikin kusan rabin sa'a aka goge rubutun, aka toshe neman sunanta a intanet ɗin ƙasar, ita kuma aka daina jin ɗuriyarta kusan mako uku. Zargi ne, ni ba alƙali ba ce, kuma ban ce an tabbatar da shi ba. Damuwata ita ce ba a taɓa sanar da wani bincike a kansa ba. Shi kuwa wanda aka zarga, shi ne ya taɓa jagorantar kwamitin gwamnati na shirya wasannin Olamfik na hunturu na Beijing, don haka kwamitinku ba baƙo ba ne a wannan magana.

Me kwamitinku ya yi? Magabacinki Thomas Bach ya yi hira da ita ta bidiyo ranar 21 ga Nuwamba, aka fitar da hoto ɗaya da sanarwa cewa tana lafiya, ba a ko ambaci zargin ba. A watan Fabrairun 2022 suka ci abincin dare a Beijing, kina wurin, har kuka tafi kallon wasa tare. A kwanakin ne ta yi hira da jaridar L'Équipe ta Faransa, wadda aka sa ta miƙa tambayoyinta tun kafin zama, kuma wani jami'in kwamitin Olamfik na Sin ne ya yi tafinta. A nan ta ce babbar rashin fahimta ce, ta kuma ce ta bar wasa. Ranki ya daɗe, ke mace ce, kin kuma riƙe minista a Zimbabwe, kin san yadda gwamnati take. Wace mace ce za ta faɗi abin da ke ranta alhali jami'in hukuma na zaune kusa da ita, shi ne ma bakinta?

Hukumar tanis ta mata, WTA, ta yi abin a yaba a farko. Shugabanta na lokacin, Steve Simon, ya dakatar da duk gasanninsu a Sin a watan Disamban 2021, duk da yarjejeniyar shekara goma da suke da ita da birnin Shenzhen. Amma a Afrilun 2023 suka janye, suka amsa da bakinsu cewa ba su samu abin da suka nema ba, suka koma. Abin ya yi mini ciwo. Duk wata yarinya da mai horar da ita ko wani babba ya ci zarafinta ta ga yadda aka yi da wadda ta taɓa zama ta ɗaya a duniya, kuma za ta yi wa kanta lissafi ta kama bakinta.

A lokacin kwamitinku ya ce aikin sulhu a ɓoye ya fi surutu amfani. To, shekaru sun wuce, muna son ganin abin da ya haifar. A sanarwar da kuka fitar bayan abincin daren nan, an ce ta karɓi gayyatar zuwa birnin Lausanne na ƙasar Switzerland ta ziyarci ofishinku da gidan tarihin Olamfik. Roƙona shi ne ki sabunta wannan gayyata a bainar jama'a, da sa hannunki. Ta zo da fasfonta, tare da wanda ta zaɓa da kanta, ba tare da ɗan rakiyar hukuma ba. In ta zo ta ce a bar maganar, hakkinta ne, mu kuma za mu yi shiru da zuciya ɗaya. In kuwa aka hana ta fitowa, ki faɗa wa duniya an hana ta, kada a sake ba mu hoto a madadin amsa.

Ina kuma roƙon ki nemi raket ɗin da ta ci Wimbledon da shi, ko rigar da ta saka a Beijing a 2008, a ajiye a gidan tarihin nan da sunanta a rubuce, kuma ita da kanta za ta kawo.

Taki cikin girmamawa,
Wata mai son wasan tanis