Sanarwa kan tafiyar Santambul

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne.

Za mu haɗu ranar Lahadi bayan La'asar a gidan Hajiya Babba da ke Yantala, don tsayar da maganar tafiyarmu Santambul a babban hutun lakkol.

Kowa ya zo da fasfo ɗinsa da na yaransa, da katin rigakafin shawara. Wanda wa'adin fasfonsa bai kai wata 6 nan gaba ba, ya sabunta tun yanzu, kada biza ta tsaya saboda mutum guda. Kuɗin jirgi da masauki a taron za mu raba.

Don Allah a zo da samarin da ƴan matan, su ma a ji ta bakinsu. Mu manya hankalinmu na kan tsohon masallacin Ayasofya, Masallacin Sultan Ahmet da kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari. Su kuwa jirgin ruwa a mashigin tekun Bosforus suke ta magana, kuma suna da gaskiya. Babbar kasuwar Santambul mai rufi ba ta buɗewa ran Lahadi, ga ta da lunguna kamar gidan tururuwa, don haka kowane yaro zai riƙe adireshin masauki a aljihu.

Wanda ba zai samu zuwa ba ya sanar kafin Juma'a. Allah Ya kai mu lafiya, Ya bar zumunci.