Mu duba gona kafin mu goya tankin feshi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai albarka in yi magana da 'yan'uwana manoman Jihar Kebbi, da abokan sana'ata masu sayar da maganin ƙwari. Feshin da muke yi a gonakinmu ya wuce ƙima, kuma akasarinsa ana yin sa ne tun lokacinsa bai yi ba. Muna hallaka ƙwarin da Allah Ya ajiye mana suna gadin amfanin gona ba da ko sisi ba, sannan mu dawo muna kukan ɓarna ta ƙaru.

Ni mai shagon kayan noma ne a Jega. Iri, taki, maganin ciyawa da na ƙwari, da su nake ciyar da iyalina, don haka kada wani ya ɗauka ƙin magani ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na yi karatun aikin gona a Zuru tun makarantar tana kwaleji, ina da 'yar gonar shinkafa a fadama, ina kuma noma wake da masara a tudu.

Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen noma na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, noman rani ya bunƙasa daga Augie da Argungu har Suru da Bagudo, mun kuma gode wa Allah. Sai dai tankin feshi ma ya zama kamar wajibi a kowane gida. Manomi zai shigo shagona da kwalbar da ya ƙarar, ya ce, "Alhaji, wanga bai yi ba, ba ni wanda ya hi shi zahi." In tambaye shi wane ƙwaro ya gani, ya ce bai ga komai ba, amma maƙwabcinsa ya yi feshi jiya, kuma ai rigakafi ya fi magani. Shinkafar kuwa ba ta wuce mako biyu da dashe ba. Wani zai sayi magani kala uku ya juye su tanki ɗaya, alhali biyu daga ciki sinadarinsu ɗaya, suna ne kawai ya bambanta. Ma'auni kuma gwangwanin madara ne, ba abin da aka rubuta a jikin kwalba ba.

Ina so mai karatu ya shiga fadama da sanyin safiya, kafin raɓa ta bushe, a gonar da ba a taɓa yi wa feshi ba. Zai ga saƙar gizo-gizo ta haɗe kan ganye. Idan ya sunkuya ya buɗe gindin shinkafa, zai ga wani gizo-gizon mai ruwan ƙasa wanda ba ya saƙa, gudu yake yi a kan ruwa yana farauta, kuma shi kaɗai yakan ci ƙwaro 5 zuwa 15 a rana. Sama da kansa ga mazari yana shawagi yana cafke masu tashi, 'ya'yansa kuma suna cikin ruwa suna nasu aikin. Ga ƙoƙi-ƙoƙi ya laɓe. Zanzaro ma da muke fasa wa ɗaki muna yara, sau da yawa abin da muke tararwa a ciki tsutsotsin ganye ne da ya kwaso ya tara wa ɗansa. Rina haka take ciyar da nata. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin dangin rina, wasu ba su kai ƙwayar gero ba, ba sa harbin mutum. Su ƙwansu suke sakawa a cikin ƙwan maɓarnaci ko a jikin tsutsa, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye ta.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan jan ƙwaron nan mai zagayayyen baya da ɗigon baƙi, wanda ake gani a gonar wake duk inda darɓa ta taru a tofo har ganye ya yi danƙo. Ba wake ya kawo shi ba, darɓar ya zo ci, kuma babba ɗaya yakan ci kusan 50 a yini. Ɗansa kuwa ba ya kama da shi ko kaɗan: dogo ne, baƙi-baƙi, da ɗigon ruwan lemo da ƙafa shida. Wani saurayi ya taɓa kawo mini su a kwalin ashana, hankalinsa a tashe, wai sabuwar annoba ta faɗa wa wakensa. Na tsinko masa ganye mai darɓa a bayan shago na sa a kwalin, muka tsaya muna kallo, ya ga da idonsa abin da suke ci. Na ce ya mayar da su inda ya ɗauko su, ya ba su mako guda. Bai sayi komai ba ran nan, kuma wakensa ya yi.

To me yake faruwa idan aka zuba wa irin wannan gona magani mai sinadarin lamda ko saifametirin, wanda ba ya bambance mai ɓarna da mai gadi? Maɓarnata sun fi iya ɓuya. Tsutsar kara tana cikin kara, ta masara tana can tsakiyar ganyen da bai gama buɗewa ba, wasu kuma a cikin naman shuka suke saka ƙwai. Masu gadi kuwa yawo ne aikinsu. Suna taka ganyen da aka jiƙa da guba, suna cin ƙwaron da ya sha ta, don haka su ne farkon mutuwa. Wanda ya tsira, yunwa ce za ta kore shi daga gonar. Ita kuwa darɓa ba ta jiran namiji, 'ya'ya take haifa kai tsaye, kuma wadda aka haifa yau cikin kamar mako guda ita ma ta fara haihuwa, alhali ɗan jan ƙwaro sai ya yi makonni kafin ya tashi daga ƙwai ya zama babba. Kamar mai gida ne da ya zuba guba don ɓera, kyanwa ta ci ta mutu, ɓerayen da suka rage a rami suka samu sake. Kwana kaɗan ɓarna ta dawo fiye da da, manomi ya ce magani ne ba shi da kyau, ya ƙara murfi. Cikin dubban da aka fesa kuma 'yan kaɗan masu taurin rai sukan tsira, su ne za su haifi na gaba, har a wayi gari kwalbar da take aiki bara ba ta yin komai bana. Masu tumatir sun ga haka a 2016 lokacin da tsutsar da suke kira Sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna ana ta feshi ba ta ji.

Ba mu ne farkon shiga wannan rami ba. Indonesiya, ƙasar Musulmi masu cin shinkafa irinmu, ta sauƙaƙa wa manomanta farashin maganin ƙwari shekara da shekaru. Sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan karan shinkafa, wanda a da ba a damu da shi ba, ya zama annoba yana ƙone gonaki, domin an kashe gizo-gizo da sauran masu cin sa. A 1986 Shugaba Suharto ya haramta amfani da magungunan ƙwari iri 57 a kan shinkafa. Daga 1989 aka fara makarantun manoma a cikin gona, inda mutum 25 ko makamancin haka suke haɗuwa kowane mako, su shiga gona, su kamo ƙwari, su zana su a takarda, su ware aboki da maƙiyi. Shinkafar ƙasar ba ta ragu ba.

Masana a cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin sun kuma nuna cewa shinkafa tana iya mayar da ganyen da tsutsa ta ci mata tun tana ƙarama, ba tare da buhu ya ragu ba. A 1994 aka yi yekuwa a wani lardi na Biyetnam cewa kada a fesa wa masu cin ganye magani a kwana 40 na farko, kowa ya gwada a wani yanki na gonarsa ya gani. Yawan feshi ya ragu da kusan rabi. Dalilin a bayyane yake: a wannan lokacin ne masu gadi suke taruwa, suna cin ƙananan ƙwarin da ke tashi daga ruɓaɓɓiyar ciyawa cikin ruwa, waɗanda ba sa taɓa shinkafa, kafin maɓarnata su iso. Ni a gonata haka nake yi, ganye yakan ɗan yi zane-zanen ci, maƙwabta su yi ta yi mini magana, amma ran sussuka ba na jin kunya.

Wanda yake ganin Asiya ta yi nisa, to ya tsallaka iyaka. A Nijar, wajen Maradi, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar, suna kiwon wata 'yar rina a cikin ƙananan buhunan algarara da aka zuba wa gero da tsutsar ciyar da ita. Ana rarraba buhunan a ƙauyuka daidai lokacin da gero ya fitar da kai, ita kuma ta fito ta bi tsutsar da take sassaƙe zangarniya. Gero kuwa wa zai iya yi masa feshi yana sama da kan mutum? A nan gida ma, lokacin da wani farin ƙwaro ya kusa gamawa da rogon Afirka, wani masani ɗan Siwizalan, Hans Herren, a cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, shi ya jagoranci sakin wata 'yar rina da aka samo daga Kudancin Amurka a 1981. Ta bazu, ta danne ƙwaron, har aka ba Herren Kyautar Abinci ta Duniya a 1995. Mai rogo a Yauri yana cin moriyar wannan aiki har gobe bai sani ba.

Ban ce a jefar da tanki ba. Wake in ya fara fure yana son kariya, domin masu zubar da fure da tsutsar kwanso da masu tsotse 'ya'ya suna iya barin mutum da harawa kawai. Amma feshi biyu ko uku a kan lokaci sun fi bakwai na bin maƙwabci, kuma irin waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Zariya ta fitar a 2019 ya rage wa masu noma shi wahalar tsutsar kwanso. Tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 daga nahiyar Amurka ita ma ba a yi mata sakaci. Sai dai a duba tukuna, a kama ta tana ƙarama, a sa magani a tsakiyar ganye inda take, da yamma, ba a wanke gona duka da rana tsaka ƙudan zuma yana kan aiki ba. Ruwan dakakkun 'ya'yan dogon yaro, da muke da shi a kowace ƙofar gida, yana hana tsutsa ci kuma ya fi sassauci ga masu gadi. Fara da tsuntsun jan-baki kuwa wannan aikin hukuma ne, ba shi nake magana a kai ba.

Akwai kuma ruwa. Lamda da danginsa guba ne mai tsanani ga kifi, ruwan fadamarmu kuwa gulbi yake komawa. Jihar da duniya take zuwa kallon bikin kamun kifi a Matan Fada ta Argungu bai kamata ana wanke tankin feshi a bakin ruwanta ba. Samarin da ake ɗauka aikin feshi su ma abin dubawa ne: ba takalmi, ba abin rufe hanci, in kai ya sara musu a ba su madara, alhali madara ba ta karya wannan guba. Asibiti ake kai mutum, tare da kwalbar.

Roƙona ga KARDA, hukumar raya aikin gona ta jiharmu, da jami'o'inmu na Aliero da Zuru shi ne a kafa irin waccan makarantar cikin gona, ko da a gari ɗaya ne a kowace ƙaramar hukumar da ake noman shinkafa. Ba ta bukatar gini. Malamin gona ɗaya, fangali biyu, ɗaya a fesa yadda aka saba, ɗaya a bar shi kwana 40, a auna ran girbi a gaban kowa. Manominmu ba ya gardama da buhu. Kowane manomi ma zai iya ware fangali ɗaya a gonarsa bana ya yi wannan gwaji da kansa.

Abokan sana'ata kuwa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mu ne malaman gonar da manomi yake iya samu kullum, abin da muka faɗa shi yake ɗauka. Kafin mu miƙa kwalba mu tambaye shi wace shuka ce, kwananta nawa, wane ƙwaro ya gani da idonsa. In bai gani ba, ya koma ya dubo, ya zo mana da shi a leda. Cinikin da ya wuce ka yau, mutumin zai dawo maka da shi a iri da taki, domin ya san ba ka cuce shi ba. Hakki ne kuma da za a tambaye mu a kansa.

Kai kuma Edita, ina da bukata ɗaya a wurinka. Ka sa wakilinka na shafin noma ya nemo hotuna masu launi na waɗannan ƙwari, gizo-gizon fadama, ɗan jan ƙwaro da ɗansa, mazari, da darɓar da 'yar rina ta shiga ta kumbura ta bushe, a buga su manya a shafi guda da bayani cikin Hausa. Akasarin masu zuwa shagona ba sa karanta abin da ke jikin kwalba, amma suna gane hoto. Zan sayi kwafi da yawa in liƙa a bangon shago, in raba wa abokan sana'ata na Aliero da Maiyama, kafin a fara dashen rani.

Wassalam.

Naka,
Mai shagon kayan noma,
Jega, Jihar Kebbi.