Wasiƙa Daga Bakin Kogin Maroni

Assalamu alaikum, aminina Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da mutanen Damagaram baki ɗaya. Ka ce in ba ka labarin garin nan San-Loran na Giyanar Faransa, a Kudancin Amurka. To, gari ne da fursunoni suka gina, har tubalin ma su suka ƙona shi.

Daga 1852 zuwa 1938 Faransa ta turo mutum wajen 70,000 wannan ƙasa, ciki har da Musulmi 'yan Aljeriya masu yawa. A kejin ƙarfe ake ƙetaro da su teku. Da sun sauka sai a ba kowa lamba da riga mai ratsin ja da fari, a kora masu ƙarfi daji saran katako. Kowa da ma'aunin da zai cika kullum, ga sauro, ga shawara, ga atuni. Na shiga ɗakunan horon da ƙafata. Gadon katako ne tsirara, da sandar ƙarfe a wajen ƙafa inda ake saƙale marin mutum har gari ya waye.

Amma wallahi abin da ya fi tsaya mini a rai dokar 1854 ce. Wanda aka yanke wa ƙasa da shekara 8, in ya gama sai ya sake zaman adadin shekarun nan a ƙasar. Wanda ya samu 8 ko fiye, shi da gida har abada. An ce an sallame shi, alhali an yanke masa abincin kurkuku, aiki kuma babu, don masu gonaki da 'yan kasuwa sun fi son hayar fursuna da araha daga hukuma. Kuɗin jirgin komawa ma daga aljihunsa. Sai ka ga dattijo yana kwana a rumfar kasuwa, yana dako a bakin kogi, wani har ya sake yin laifi da gangan don a mayar da shi inda zai samu burodi. Wannan zalunci ne, Malam, ko da kisan kai mutum ya yi.

Ɗan jarida Albert Londres ya tona asirin wurin a 1923, amma sai 1953 fursunonin ƙarshe suka bar ƙasar.

Ka gaishe mini da Inna da yara, ka kuma sa ni a addu'a.

Naka,
Habibu